Suna Linzami: Ma'anar Arjun da Labarin da Ke Bayansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Abin da ya jawo zancenmu na yau wata tambaya ce da wani matashi maɗinki, ɗan unguwarmu, ya tare ni da ita bayan sallar La'asar. Allah Ya sauki iyalinsa lafiya, an sami ɗa namiji bayan mata biyu, ga ranar suna ta ƙarato, amma gida babu daɗi. Ya ce: "Baba, ni dai Arjun nake so a raɗa wa yaron nan, tun ina ƙarami nake ƙaunar sunan. To, da na faɗa a gida, tsohona ya ce ba dai a zaurensa ba, tsohuwata kuma ta ce sunan gunki ne. Don Allah Baba, sunan gunki ne?" Na ce: "Ɗana, kai da kake son sunan, mece ce ma'anarsa?" Ya yi shiru, can ya ce sunan jarumi ne. Na ce wane jarumin? Ya ce na fim.

Ka ga ke nan mai son sunan bai san ma'anarsa ba, masu ƙinsa ma ba su sani ba, ga shi kuma ana neman ɓata zumunci a kansa. Wannan kuwa bai ba ni mamaki ba, domin ko sunan garin da muke zaune a cikinsa mutane da yawa ba su san asalinsa ba. Baƙon da ya taho daga Gaya ko daga Kamba cin kasuwa, in ya ji an ce Malanville, sai ya ɗauka garin wani malami ne. Alhali kuwa sunan wani Bafaranshe ne, Malan, wanda ya yi gwamnan Dahomey a zamanin mulkin mallaka. Mutanen Dendi Tassi suke kiran wurin, wato rairayi. Haka suna yake, yakan shige wa mutum kunne ya zauna, ya shekara yana faɗarsa bai san abin da yake faɗa ba. Don haka na ga ya dace mu bi sawun wannan suna har gidansu, ko Allah Ya sa abin ya amfani wani gidan ban da na maɗinkin.

Yadda sunan ya iso mana

Ta hanyar silima sunayen Indiya suka shigo ƙasar Hausa. Tun wajen shekarun 1960 'yan kasuwar Labanan masu gidajen silima a Kano da sauran birane suke kawo finafinan Indiya, mutane kuwa suka karɓe su hannu bibbiyu, har 'yan kallon Kano suka raɗa wa 'yan wasan laƙabi irin namu: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. A 1995 aka fitar da fim ɗin Karan Arjun, wanda Salman Khan da Shah Rukh Khan suka fito a cikinsa a matsayin wa da ƙane da aka kashe, aka sake haihuwarsu suka dawo ɗaukar fansa. Daga nan sunan ya kama bakin samari. Daga baya, da aka fara juya finafinan Indiya zuwa Hausa, sai ga Allu Arjun na kudancin Indiya, mai fim ɗin Pushpa na 2021, ya ƙara sabunta shi a kunnen yaran yanzu. Amma sunan ya girmi silima da fiye da shekara 2000.

Ma'anar kalmar

Arjun kalma ce ta Sanskirit, tsohon harshen littattafan addini da ilimi na mabiya addinin Hindu, wanda mafi daɗewar waƙoƙinsa, Rigveda, sun haura shekara 3000. A harshen na asali Arjuna ake cewa, masu jin Hindi ne suka yar da wasalin ƙarshe. Ma'anarta fari, mai haske, mai sheƙi irin na azurfa.

Masu karatunmu da suka yi makarantar Faransanci sun san wata 'yar'uwar wannan kalma ko da ba su farga ba. A 1786 wani alƙali Bature mai suna William Jones ya bayyana a birnin Kalkata cewa Sanskirit da Latin da Girkanci tushensu ɗaya, masana harsuna kuma suka tabbatar da haka a bayansa. Saiwar da ta haifi arjuna ita ce ta haifi argentum na Latin, wato azurfa, wadda ta zama argent a Faransanci. Daga nan ne kuma ƙasar Ajantina ta samo sunanta. Saboda haka duk ɗan kasuwar da ya buga ƙirji a kasuwar Malanville ya ce yau babu argent, ya ambaci dangin Arjun bai sani ba. Akwai ma wata bishiya a Indiya mai farin ɓawo da ake kira arjuna, wadda masana tsirrai suka sa ta gida ɗaya da baushen dajinmu.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ashe Arjun shi ne Jatau, sunan da mukan ba mutum mai hasken fata. Sai dai littafin da ya ɗaukaka sunan ya siffanta mai shi da duhun fata, kuma a wurin da jarumin yake fassara sunayensa da bakinsa, ya danganta wannan suna da tsabtar ayyukansa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, mu da muke cewa farar zuciya da farar aniya da farin jini, ba tare da mun dubi launin mai su ba.

Wane ne Arjuna?

Labarinsa yana cikin Mahabarata, doguwar waƙar da ake ƙidaya ta cikin mafi tsawo a duniya. Bisa al'ada ana cewa baiti 100,000 ce, an kasa ta kashi 18, ana jingina ta ga wani tsohon malami mai suna Vyasa, masu bincike kuwa suna ganin an yi ta tara ta ne a hankali tsakanin wajen shekara ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) zuwa wajen 400 bayanta. Abin da zan kawo a nan abin da littafin ya faɗa ne, kamar yadda masu shi suke ba da shi.

Rigimar gadon sarauta ce tsakanin 'ya'yan wa da ƙane a birnin Hastinapura. Sarki Dhritarashtra makaho yana da 'ya'ya maza 100, babbansu Duryodhana. Ƙanensa Pandu yana da biyar, ana kiransu Pandawa. An yi wa Pandu baki cewa in ya kusanci mace zai mutu, sai matarsa Kunti ta yi amfani da wani surkulle da wani mai tsafi ya koya mata, ta kira ababen bautarsu ɗaya bayan ɗaya ta haihu da su. Yudhishthira ne babba, sai Bhima mai ƙarfi, sai Arjuna na uku, wanda suka ce ɗan Indra ne, wato abin bautarsu na tsawa da ruwan sama. Kishiyarta Madri ta haifi tagwaye, Nakula da Sahadeva.

Da harbi Arjuna ya yi suna. Malaminsu Drona ya taɓa ɗora gunkin tsuntsu a kan bishiya ya tara ɗalibansa, kowa ya ɗana kibiya sai ya tambaye shi me yake gani. Wannan ya ce yana ganin bishiya da malam da 'yan'uwansa, sai a ce ya koma gefe. Da aka zo kan Arjuna ya ce shi ba ya ganin komai sai kan tsuntsun, malam ya ce saki, kibiya ta fille shi. Har yau iyaye a Indiya suna ba 'ya'yansu wannan labari domin koya musu tattara hankali, kuma tun 1961 gwamnatin ƙasar take ba gwanayen wasanni lambar girma mai sunan Arjuna. Da gwanintar harbi ya ci gasar auren gimbiya Draupadi, wadda a ƙarshe ta zama matar su biyar ɗin gaba ɗaya. Bakansa ma yana da suna, Gandiva. Kirarinsa kuwa da yawa: Savyasachi, mai harbi da dama da hagu, Dhananjaya, mai ciwo dukiya, Partha, ɗan Kunti, Vijaya, mai nasara.

Babban wansu ya zauna caca da 'yan'uwan nasu, ya zubar da mulki da dukiya da ƙannensa da matarsu. Aka yanke musu shekara 12 a daji, da shekara 1 a ɓoye. A shekarar ɓuyan nan gwarzon maharbi ya sa tufafin mata, ya zauna a fadar sarki Virata yana koya wa gimbiya rawa da waƙa. Da wa'adi ya cika aka hana su rabonsu, sai yaƙi, a filin Kurukshetra da ke jihar Haryana ta yau, arewa da birnin Delhi. Kwana 18 aka yi ana gwabzawa.

A safiyar farko, da rundunoni suka ja daga, Arjuna ya dubi abokan gaba ya ga kakansa da malaminsa da 'yan'uwansa, sai jikinsa ya mutu, ya ajiye baka ya ce ba zai yi yaƙi ba. Mai jan karusarsa, Kirishna, wanda mabiya Hindu suke bauta wa, ya yi masa doguwar nasiha a kan wajibin da ke wuyansa da makomar rai bayan mutuwa, har ya sake ɗaukar makami. Wannan tattaunawa ita ce Bhagavad Gita, babi 18, baiti 700, ɗaya daga cikin littattafan da suka fi girmamawa.

Littafin bai ɓoye aibin gwarzonsa ba. Wani yaro ɗan mafarauta mai suna Ekalavya, wanda Drona ya ƙi karɓa saboda asalinsa, ya koya wa kansa harbi har ya fi Arjuna. Kishi ya kama Arjuna ya kai kuka wurin malam, malam kuwa ya je ya nemi yaron ya ba shi babban yatsansa na dama a matsayin ladan karatu, yaron ya yanke ya miƙa. Haka kuma babban abokin hamayyarsa, Karna, a rana ta 17 ta yaƙi ƙafar karusarsa ta kafe a ƙasa, ya sauka yana ƙoƙarin ciro ta, Arjuna ya harbe shi a wannan hali. Sai bayan yaƙi Kunti ta tona asirin cewa Karna ɗanta ne na fari, wanda ta haifa kafin aure ta sa shi a kwando ta saka a kogi. Wato wansa ya kashe. Daga sunayen waɗannan biyu aka samo Karan da Arjun na fim ɗin 1995, aka mayar da maƙiya masoya. A ƙarshen littafin kuma, sa'ad da 'yan'uwan biyar suka bar mulki suka nufi duwatsun Himalaya, Arjuna ya faɗi ya mutu a hanya, babban wansu ya ce girman kai ne ya kayar da shi, domin ya taɓa cika baki cewa zai gama da maƙiya a yini ɗaya, bai kuwa iya ba.

Musulmi da wannan labari

Kada wani ya ɗauka sanin wannan labari laifi ne. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya koyi Sanskirit ya rubuta littafinsa a kan ƙasar Hindu wajen 1030, ya kawo maganganun Kirishna da Arjuna a ciki domin Musulmi su san abin da maƙwabtansu suka yi imani da shi. A 1582 sarki Akbar ya sa aka fara fassara Mahabarata zuwa Farisanci da sunan Razmnama, wato littafin yaƙi. Da aka mayar da labarin wasan talabijin a Indiya daga 1988 zuwa 1990, kashi 94, wani marubuci Musulmi, Rahi Masoom Raza, shi ya tsara maganganun 'yan wasan. A tsibirin Jawa na Indunusiya, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne, akwai dutse mai suna Arjuno, kuma shugaban ƙasar na farko, Sukarno, daga Karna mahaifinsa ya ciro masa suna. Sai dai a lura, mutanen Jawa sun gaji waɗannan sunaye ne daga kakanninsu tun kafin Musulunci ya iso musu, kamar yadda muka gaji Tanko da Gambo. Mu kuwa daga majigi muka tsinto.

Ma'aunin raɗa suna

To, mu koma ga tambayar maɗinki. A asalinsa Arjun siffa ce, kuma sunan jarumi ɗan Adam ne a cikin labari. Ba ya cikin jerin sunayen ababen bauta irin su Shiva da Vishnu da Ganesha. Ta wannan fuska tsohuwa ba ta dace ba. Amma ba ta yi nisa da gaskiya ba, domin jarumin da ya sa ake son sunan, a aƙidar masu shi, ɗan abin bauta ne kuma aminin wani abin bautar.

Malamanmu sun yi bayanin hukuncin suna, Ibnul Ƙayyim ma ya yi littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen jariri, Tuhfatul Maududi. Abin da ya fito fili daga bayaninsu abu uku ne. Na farko, haramun ne sunan da ke nuna bauta ga wanin Allah. Shi ya sa Annabi (SAW) ya sauya wa Abdurrahman ɗan Aufu sunansa na jahiliyya. A nan ne ya kamata masu kallon fim su buɗe ido, domin das a ƙarshen sunan Indiya ma'anarsa bawa: Ramdas bawan Rama, Kalidas bawan Kali, Devdas bawan abin bauta. Na biyu, ana ƙin suna mai mummunar ma'ana, kamar yadda ya sauya wa wata 'yar Sayyidina Umar suna daga mai saɓo zuwa Jamila. Na uku, malamai sun yi hani ga sunan da ya zama tambarin wani addini, wanda da an ji shi sai a ɗauka mai shi ba Musulmi ba ne. Kasancewar suna ba Larabci ba, shi kaɗai bai zama aibi ba, domin Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ ba Larabci ba ne a asali, Mariyatul Ƙibɗiyya kuma ta zauna a gidan Annabi da sunanta.

Arjun ya tsallake na farko, ya tsallake na biyu, a na uku ne ƙafarsa ta kafe. Fatawa ta malamai ce, kowa ya tuntuɓi limaminsa. Amma shawarar da na ba maɗinki, ita zan ba kowane uba. Sunan yanka shi za a rubuta a takardar haihuwa a ofishin magajin gari, shi zai bi yaro makaranta, shi za a kira ranar ɗaurin aurensa, da shi za a yi wa 'ya'yansa alkunya, da shi za a yi sanarwar jana'izarsa. Fim kuwa yayi ne, wanda ake rububinsa bana baɗi an manta da shi. Bai kamata uba ya ɗora wa ɗansa kayan da zai yi shekara 70 yana ba da bayani a kansu ba, saboda wani daɗi da shi uban ya ji na sa'a 3 a gidan kallo.

Na ce masa: "Ɗana, me kake so a cikin sunan? In haske ne, ga Anwar, ga Munir, ga Nuru. In tsabtar hali ce, ga Ɗahiru, laƙabin ɗan Manzon Allah. In kuwa gwanin harbi kake nema, ai muna da namu: Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya fara harba kibiya domin ɗaukaka addinin Allah, wanda ranar Uhudu Annabi (SAW) da kansa yake miƙa masa kibau, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, kuma jagoran rundunar Ƙadisiyya." Na kuma ce ya je ya durƙusa ya ba mahaifinsa haƙuri, domin albarkar kaka ta fi wa jariri amfani a kan kowane suna.

Iyaye ma akwai nasu jan kunnen. Da tsohon ya zaunar da ɗansa ya tambaye shi dalili, aka aika aka bincika, da ba a kwana uku ba a gaisawa ba. Matambayi ba ya ɓata. Kuma ƙin ɗaukar sunan wasu bai ba mu lasisin zagin abin da suke girmamawa ba. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu haka. Akwai Indiyawa 'yan kasuwa a Kwatano da Kano, in ka gamu da mai suna Arjun cikinsu ka gaishe shi da mutunci, yanzu ma ka san ma'anar sunansa, wataƙila har ka ba shi labarin dangantakarsa da argent ku yi dariya tare.

Ranar suna na je, an ci goro an yi addu'a, liman ya raɗa Sa'adu. Kakarsa tun kafin a yanka rago ta riga ta sa masa Tanko, tun da bayan mata ya zo, kuma na tabbata shi ne zai bi shi. Uban kuwa, an ce mini in ya ɗauke shi a ɗaki ba kowa, yakan ce masa Arjun a hankali. Wannan kam tsakaninsa da ɗansa ne.

Allah Ya raya mana zuriya bisa tafarkin Sunna, Ya sa su amsa kyawawan sunayensu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.